Shaidar da Na Kai Zauren Kawu Idi

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na kai shaida zauren Kawu Idi a Kabo ba, shaidar ta juyo ta kama ni. Har yau in na tuna sai in ji kamar in cire hula in rufe fuska.

Bari in fara faɗin gaskiya a kaina: ni mutum ne mai zargi. Matata ta ce ko kaza ce ta kalle ni sau biyu sai na tambayi wanda ya aiko ta. Ina koyarwa a wata sakandare a Gwarzo, kuma na daɗe ina rubuta komai a waya: shirin darasi, ranar da na zuba taki a gonarmu ta Kutama, sunan maganin Inna. Akwai kuma wani rubutu daban da na sa wa suna "Abin lura". Nan nake ajiye wanda ya amsa sallamata a gajarce, da wanda ya yi shiru da na shigo ofis, da wanda ya yi mini fara'ar da ta yi yawa (wannan ya fi ba ni tsoro). A can ba na sa sunan kowa sai laƙabi, don gudun kada wayar ta faɗa hannun wani.

Da rubutun ya yi yawa, sai in yi rabin awa ina laluben abu ɗaya. Malam Nura, mai koyar da kwamfuta a makarantarmu, ya ce in haɗa shi da manhajar ƙirƙirarriyar basira, in riƙa tambayar ta da baki tana duba mini. Na ce, "Malam, wa yake zaune a can yana karantawa?" Ya yi dariya, dariyar da ita ma na rubuta a "Abin lura". Sai da na yi mako biyu kafin na yarda, kuma na ɗana mata tarko. Na tambaye ta ranar da na shuka dawa, ta faɗa daidai. Na tambaye ta abin da ban taɓa rubutawa ba, ta ce ba ta gani ba. Daga nan na amince mata, amincewar da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Abin da na manta shi ne, ranar da ta tambayi wane rubutu zan ba ta izinin dubawa, an kaɗa ƙararrawar shiga aji, sai na danna duka.

To, ga Hamisu. Aminina ne tun muna firamare, mutumin Kabo, kuma shekara uku ya yi a gidanmu a Kutama muna cin tuwo a kwano ɗaya. Da Baba ya rasu, na yi kwana ukun zaman makoki da waya a ƙarƙashin riga. Duk wanda ya zauna a tabarma ya ce mini "ya haƙuri", in ya tashi sai in sa sunansa a jerin masu gaisuwa. Bayan an watse na duba jerin sama da ƙasa, babu Hamisu. Da farko cewa na riƙa yi bai yi mini gaisuwa ba. Bayan wata biyu maganar ta zama ko leƙowa bai yi ba, na yi ta faɗa har ni ma na gaskata kaina. Na daina ɗaukar wayarsa, in na hango shi a kasuwar Gwarzo sai in sauya layi. Haka muka yi wata bakwai, kuma abin yana cin raina, don ba ni da wani amini sai shi.

Kawu Idi, ƙanen Inna, shi ya aiko in zo. Da na isa na tarar Hamisu ya riga ni, ga limamin unguwar a gefe, ga ƙwaryar fura an sha rabi. Nan take zuciyata ta ce an riga an ƙulla. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya makaranta, ya jikin Inna, ni kuwa ina lissafin wanda ya fi kallon wani.

Kawu ya ce, "Malam, kai ne mai koyar da 'ya'yan mutane. Musulmi ba ya gaba da ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Me Hamisu ya yi maka?"

Na ce, "Kawu, uban mutum ya rasu amininsa bai taka ya zo ba. Kuma ba da bakina zan faɗa ba, kada a ce son rai ne. Na zo da shaidar da ba ta san kowa ba."

Hamisu ya ɗago ya dube ni. Na fito da wayar na ƙara murya har ƙarshe (don liman kunnensa ya ɗan yi nauyi), na ce ta duba mini ko Hamisu ya zo rasuwar Baba.

Ta ce babu sunansa a jerin masu gaisuwa na kwana ukun. Na gyara zama, na dubi Kawu irin kallon nan na "ka ji ko". Har na kai hannu zan mayar da ita aljihu, sai ta ci gaba.

Ta ce amma a cikin "Abin lura" akwai wanda nake kira Na Kabo, kuma ga alama shi ne Hamisu, don a wani wuri na rubuta cewa Na Kabo ya zauna gidanmu shekara uku. Sai ta karanto, da muryarta mai sanyi kamar tana karanta sanarwar ɗaurin aure: "Na Kabo ya riga ni shiga kabari ya karɓi Baba, kamar shi ne babban ɗa. Shi ya sayo likkafani. Kwana uku yana shimfiɗa tabarmi yana raba ruwa, bai zauna ya ce mini ya haƙuri ba ko sau ɗaya. Me yake nema? A sa ido a kan gonar fadamar da Baba ya bari."

Na yi ta danna wayar ina neman inda ake kashewa. Liman ya ce, "Me ta ce game da fadama?"

Kawu ya ce, "Bar ta, Malam, ai kai ka kawo ta. Ni fa, wane suna ka sa mini a ciki?"

Na rantse masa babu shi (akwai shi, shafi guda ma, amma wannan tsakanina da Allah).

Sai a lokacin Hamisu ya yi magana, a hankali, idonsa a kan tabarma. Ya ce, "Ni wa zan yi wa gaisuwa? Ubana ne ya rasu. Ɗan gida ba ya zama a tabarmar baƙi. Ni ma har aka tashi ina jira ka ce mini ya haƙuri."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ba ta fadamar ce ta fi ƙona ni ba. Duk abin da aka karanto na gan shi da idona, na rubuta da hannuna, amma ban fahimce shi ba sai da na'ura ta karanta mini a gaban mutane. Na matsa kusa da shi na ce, "Hamisu, ya haƙuri." Ya ce, "Haƙuri da godiya. Allah ya jiƙan Baba." Muka yi hawaye mu biyu, gemai-gemai da mu, liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a.

Da zai rage mini hanya zuwa tasha a babur ɗinsa, na ce zan gyara rubutun, in sa sunansa a saman jerin masu gaisuwa. Ya ce kada in kuskura, wannan jerin baƙi ne. Can kuma ya waigo ya ce, "Fadamar fa, ana nan ana sa ido?"

Har yau ina amfani da manhajar, amma shirin darasi da ranar taki kawai na bar mata. "Abin lura" kuwa na goge shi, bayan na karanta shi daga farko har ƙarshe na ga duk cikin mutanen da ke ciki mutum ɗaya ne ya kamata a sa wa ido, shi ne mai rubutun. Yanzu in za ni sulhu, wayar a gida nake barin ta, in tafi da goro.