Famfon Zoɓo daga Shagon Masu Giya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rufe fuska kamar ɓarawo na shiga shagon kayan dafa giya a unguwar Erdington ta Birmingham ba. Ni da ko giyar da ba ta bugarwa ba na iya kallo a kanti sai na yi a'uziyya.

Bari in fara daga farko. Matata Rakiya tana yin zoɓo da lemon citta na biki a gidanmu da ke Moss Side a Manchester, ni kuma aikina ɗaga tukwane. Wata rana na sunkuya zan juye tukunya mai lita hamsin a mataci, sai bayana ya yi wata ƙara. Likita ya ce in na sake ɗaga abin da ya fi buta nauyi, to kada in dawo masa. Ana cikin haka Kawu Alhaji Mamman ya bugo waya daga Birmingham, ya ce Rakiya ce za ta yi zoɓon bikin 'yarsa.

Kawu Alhaji shi ne waliyyin Rakiya, shi ya ba ni ita, kuma har yau kallon da yake mini na wanda aka ba ajiya ne ba a gama yarda da shi ba. A masallacinsu na unguwar Small Heath in ya ce abu bai halatta ba, magana ta ƙare. Yawancin masu ba Rakiya aiki ta bakinsa suke zuwa.

Na ce zan sayo injin famfo ya riƙa zuƙo zoɓon daga tukunya, ai ni injiniya ne (na kwamfuta, amma ba na gyara wa mutane in sun ɗauka na sauran abubuwa ne). Da na bincika sai na ga matsala. Famfon da zai jure tafasasshen ruwa, kuma ba ya gurɓata abin sha, masu dafa giya a gida ne kawai ke sayar da ƙaraminsa. Na so in yi oda a kawo gida, sai na tuna maƙwabciyarmu Hajiya ce ke karɓar mana saƙo in ba ma nan, kuma tana karanta kwali kamar jarida. Akwai irin shagon a Manchester, amma motar da 'yan masallacinmu ke hawa ta ƙofarsa take bi. Saboda haka na yi dabarar masu hankali: na tuƙa mota har Birmingham, garin Kawu, don kada a gan ni.

Na ja hular rigar sanyi, na sa takunkumi, na shiga. Warin tsimi ya bugi hancina. Mai shagon wani dattijon Bature ne mai fara'a, irin wanda in ka tambaye shi hanya sai ya ba ka tarihin titin. Ya jera mini famfo biyu a kan kanta.

"Wannan yana tsotsa da kansa," in ji shi, "amma ba ya son zafi. Wannan kuma mai maganaɗisu ne, ko tafasa ruwan yake ba ruwansa. Sai dai ka saurare ni da kyau, abu ɗaya ne ba ya yi..."

Daidai nan na ji tari daga bayan buhunan sha'ir da ke ƙuryar shagon. Tari ne na dattijo, mai ɗan gyaran murya a ƙarshe, irin wanda nake ji a falon Kawu. Bakin Baturen yana motsi, yana nuna ƙasa da yatsa, ni kuwa ba abin da nake ji sai bugun zuciyata. Na nuna mai jure zafin, na biya, na rungumi kwalin na fice. Sai a mota na lura da hoton da ke jikinsa: ƙaton kofin giya, kumfa na zuba ta gefe. Na cusa shi can ƙarƙashin taya a but ɗin mota, na yi ta gaya wa kaina cewa duk tsofaffi tarinsu iri ɗaya ne.

Ranar biki tun da safe muna kicin ɗin zauren taro a Small Heath. Tukwane biyu sun tafasa, ƙamshin citta da kanumfari ya cika ko'ina. Na riga na sa farar shaddata, don na gaya wa Rakiya aikin minti biyar ne. Na ɗora famfon a kan wata kanta sama da murhu don kada ya jiƙe, na zura tiyo ta saman tukunya, na kunna. Ya yi ta kuka, ko ɗigo bai fito ba. Na kashe na kunna. Sai ƙauri ya fara tashi.

"Abban Amira, are you sure ka san abin nan?" in ji Rakiya. "Baƙi fa ƙarfe biyu za su shigo."

Nan na tuna lokacin wahalar mai a Kano, yadda muke zuƙo fetur daga tankin mota da baki. Na cire tiyon daga jikin famfo, na kai baki, na ja da dukan ƙarfina. Abin da na manta shi ne fetur ba a tafashe yake ba. Zoɓo ya cika mini baki kamar garwashi, na furzar, na yi kururuwa, tiyon ya suɓuce yana feshi. Kafin in kama shi shaddata ta koma ja daga wuya har gwiwa, kamar ragon layya.

Ina tsalle ina fifita harshe da hannu sai ƙofa ta buɗe. Kawu Alhaji ne, cikin babbar riga, rungume da kwali. Ashe Rakiya ta tsinci kwalin a but ta zuba kofuna a ciki, shi kuma ya taimaka ya shigo da shi daga mota. Kofin giyar nan yana daidai ƙirjinsa, yana kallona. Na ce shi ke nan, sana'ar Rakiya ta mutu, ni ma sunana ya tashi daga Injiniya ya koma wani abu. Na durƙusa zan yi bayani, harshen ya ƙi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Kawu, wallahi zoɓo ne."

Kawu ya ajiye kwalin, ya ce wa Rakiya, "'Yata, je ki duba kujeru." Da ta fita ya naɗe hannun riga, ya sauke famfon ya ajiye a ƙasa, ya cire tiyon ya haɗa da ɗan bututun da ke gindin tukunyar (ban ma san da shi ba). Ya buɗe, ya jira zoɓo ya gangaro ya cika famfon, sannan ya kunna. Ja wur ya fara kwarara cikin mataci.

"Ba ya tsotsa da kansa," in ji shi. "Sai an sa shi ƙasa da tukunya. Sau uku Baturen nan ya gaya maka."

Na ɗago kai.

"Injiniya, minti ashirin na yi a tsugune bayan buhunan nan ina jira ka fita. Matata ce ta aike ni sayen tiyo, na kunun buɗa-baki da take yi wa masallaci. Da na gan ka da takunkumi na ɗauka fashi za a yi, sai na gane takalmin. Har yau gwiwata ba ta saki ba." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba. Je ka nemi riga."

A aron rigar wani abokin ango na yi bikin, hannunta bai kai gwiwar hannuna ba, kuma sati guda kunu kawai nake iya sha, shi ma sai ya huce. Kwalin kuwa Kawu da kansa ya yayyaga shi ya kai bola.

Tun daga ranar, in mai kaya yana mini bayani ina tsayawa in ji har ƙarshe, ko da a ina nake. In kuma na ji tari a bayana, nakan juya in yi sallama, don mai yiwuwa shi ma gwiwarsa ta gaji.