Langar Nomau Ci-da-baki

Duk Unguwar Madaka an san Nomau Ci-da-baki. In ka ce ka ga kura, shi ya taɓa yi mata aski.

Rannan da hantsi majalisa ta kaure da gardama a gindin ɗurumi: wane wasa ya fi wuyar ƙwarewa? Jatau mahauci ya ce dambe. Ilu tela ya ce langa, don tsalle da ƙafa ɗaya, ɗayar a hannu ta baya, ba na rago ba ne.

Nomau na kishingiɗe a kujera mai jingina, ita kaɗai ce a majalisar, shekara goma ya hana kowa. Ya yi tsaki.

"Langa? Wasan 'yan tayi! Ni fa da ƙafa ɗaya na je Gusau na dawo, ban sauke ba."

Ilu ya ce, "Baba Nomau, Gusau ta yi nisa. Ga turken akuya can, taku goma. Ka kai, kujera taka har abada. Ka sauke ƙafa, tawa ce."

Rabon Nomau da taɓa yatsan ƙafarsa tun yana da haƙora. Amma bakin da ya yanka shi ke fiɗa.

"Bari in zaga tukuna."

A bayan katanga ya naɗe ƙafa, ya ɗaure ta tamau da bakin mazagin wandonsa, ya saki babbar riga ta rufe. Ya kai hannu baya kamar mai riƙo. Sai ga shi ɗingis, ɗingis!

"Kai, tsohon ƙarfe!" in ji Jatau.

Taku bakwai, taku takwas. Kan Nomau ya fashe, ya fara kirari. "Sai ni gagara ba..."

Bunsurun da ke turke bai san kirari ba. Ya ja baya, ya zaburo kansa. Nomau ya ɗaga hannu biyu sama yana "Wayyo! Tir! Kul!"

Majalisa ta zuba ido. Hannu biyu a sama, ƙafa na nan a naɗe.

Ilu ya ce, "Baba, ga hannuwanka duka. Wa ya riƙe maka ƙafar?"

"Sabo ne, ɗan nan. Ƙafar ƙwararre ita ke riƙe kan..."

Ɓas! Mazagi ya tsinke. Ƙafa ta sauka, wando ya bi ta har ƙasa.

Ilu ya gyara zama a kujera, ya nuna wandon ya ce, "Ashe ba ita ke riƙe kanta ba, Baba. Ga ƙwararren nan ya faɗi a ƙafarka."