Sawun Dabora a Bakin Rijiya

"...lahiya lau, gida lahiya, gero ya yi. To, gaisuwa ta ƙare. Illo, ina ƙasar sawuna?"

Illo bai ko ɗaga kai daga fatar da yake yanka ba. "Wa ni ka ji haka, awa an take ma akuya wutsiya? Au, Dabora ce. Zamna, tsohuwa, kada iska ta kwashe ki."

Ranar kasuwar Mayahi ce, a kakar da ta biyo bayan babban farin nan na tamanin da huɗu, lokacin da mutane suka fara tuna yadda ake dariya da cikakken ciki. Illo baduku ne. Dabora kuwa 'yar kawunsa ce, don ubanta Sanda da uwarsa Hawa ciki ɗaya suka fito. Sanda ya bi addinin mishan, Hawa ta riƙe sallarta, amma wannan bai hana 'ya'yansu zama taubasai ba, kuma shekara hamsin ke nan suna tsokanar juna ba wanda ya gaji. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka a al'ada shi bawanta ne. Bai taɓa amsa wannan suna ba ko sau ɗaya.

Ta zauna a kan kututture, a hankali, ta ɓangaren dama, tana murmushi don kada a ga ta cije haƙori.

"Hanatu maƙwabciyata ta gane ka da idonta," in ji ta. "Ran Laraba, bakin rijiyar ƙauyenmu Sarkin Hausa, ka duƙa bisa sawuna da kara ga hannu. Gari duk ya ɗauka, wai bawan Dabora za shi yi mata sammu."

"Sammu? Ke? In kai ma boka ƙasar sawunki, shi biyo ni da taɓarya! Ni da nig ga sawun, ca niy yi giwa ta dawo ƙasar Mayahi. Saura kaɗan in kai ma kwamanda labari shi turo soji."

"Sawun giwa ya take na raƙumi. Ka gode Allah ba bisa kanka nit taka ba. Mi yak kai ka ƙauyenmu?"

"Zumunci ga ƙahwa yake."

"Ga ƙahwarka, ba tawa ba. Bawa, miƙo mani takalmana in tahi."

Takalman nan ba ƙananan abu ba ne a wurinta. Baƙaƙe ne masu tsini, masu sheƙi, a Katsina ta sayo su tun kafin sojan Najeriya su rufe iyaka, kuma duk matan majami'arsu ba mai irinsu. Wata guda ke nan da ta aiko su gyara. Ga su can a rataye a ƙololuwar rumfa, inda hannunta ba ya kaiwa.

"Waɗancan?" Illo ya nuna da baki. "Sun zama ganima. Taubashi ya kama, sai ki kai ƙara."

"Lahadi mai zuwa a ka sujadar godiya ta kaka! Da mi za ni shiga gaban jama'a?"

"Da shekarunki. Sun isa ado."

"Tsohuwar zuma, da ita a ka magani. Kai hwa? Gemu awa tsintsiyar da anka share garke da ita."

"Na ji. Amma tsohuwar zuma, hwaɗa mani, tun yaushe ƙahwarki ta hagu ta ka ciwo?"

Dabora ta yi dariya, dariyar ta fito da ɗan gaggawa. "Ƙahwata? Ni da nit taka rawa ran bikin ɗiyar Iliya har makaɗi yag gaji?"

Illo ya miƙe, ya sauko da takalman, ya juya gindinsu. "Duba nan. Na dama tsininshi ya cinye har ƙusa ta hito, don shi kaɗai ka ɗaukar nauyinki. Na hagu kuwa baki yak koɗe, ja ki ka yi da shi. Shi ya sa nit tahi rijiya in ga sawu bisa danyar ƙasa. Dama ta nutse, hagu ta shara. Jiki magayi, Dabora. Takalmi ma magayi ne, shekara arba'in suna kawo mani tsegumin masu su."

Wata huɗu ke nan Dabora tana ɓoyon ciwon nan. Daga ƙugu yake tasowa, ya bi bayan cinya ya sauka har diddige, kamar an zura mata waya mai zafi. Ba zafin ne ya fi ba ta tsoro ba. A shekarar yunwa, tana tsaye a layin rabon jar dawar taimako da ƙwarya a hannu, rumbunta fayau, ta yi wa Allah alkawari: in ya sake nuna mata gero a gonarta, damin farko a kanta zai tafi, daga gona har gaban majami'a, tana cikin ado kamar amarya. Yanzu ga geron ya zo. In matan zumunta suka ji labarin ƙafar, don tausayi za su ɗora ta a amalanke, su ba wata damin, ita kuma ta zama wadda ta ci alkawari.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Na tahi gidan likita na Tasawa a ɓoye. Majo, babban mai duba marasa lahiya, ya ce jijiya ce ta ƙugu. In riƙa gashi da ruwan zahi, in riƙa tahiya kaɗan-kaɗan, in bar tsini, in bar kaya mai nauyi. Illo, in ka hwaɗa ma wani, sai na sai da kai ga Buzaye."

"Su maido ni da la'asar, ci gare ni." Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin buzu, ya kwance, ya ajiye mata takalma biyu a kife. Baƙar roba ce mai zane-zane.

"Taya!" Dabora ta dafe ƙirji. "Takalmin taya za ka ba shugabar zumuntar mata?"

"Ba kowace taya ba. Ta kamyo ce, babbar motar sojin nan da tak kawo maku jar dawa. Wajen Gidan Amumune ta hwashe."

"Wato in ratsa gari ina barin sawun mota, mutane su hito da ƙorai su ce taimako ya iso?"

"Da sun ga huskarki su koma, sun san ba a raba komi nan."

"Allah shi isa tsakanina da ɗan mace!"

"Juya su dai, kin cika baki awa gangar biki."

Ta juya ɗaya da ɗan yatsa, kamar mai taɓa mushe. Saman jar fata ce mai laushi, an bi gefenta da koren zare, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta danna wurin diddige, ya lotsa ya dawo. Har da maɗauri a baya mai riƙe agara.

"Hwatar akuya rubi ukku, da kaɗa a tsakani," in ji Illo. "Awon da nid ɗauka da kara ne. Wannan shi ne sammun."

Amma ita ba ta jin sa. Idonta na kan madaurin sama, wanda aka bar shi da gashinsa, ja ne da ɗan tabon fari a tsakiya. Ta san tabon nan. Takarkarinta ne, jan bijimin da ya shekara tara yana kwaso mata damma daga gona, wanda ya durƙusa a bakin rijiya a tsakiyar fari bai sake tashi ba. Ita da kanta ta aika wa Illo fatar, don a lokacin ba ta iya kallonta. Ta shafa gashin da babban yatsa, kewar dabbar nan ta taso mata.

"Na ce shi ma shi je godiyar," in ji Illo, yana duban wani wuri. "Ya hi wasu cancanta."

Ta share ido da bakin gyale. "Hayaƙin masu tsire ne."

"Na sani. Ni ma ya dame ni." Ya gyara murya. "Sai dai takalmi ba shi ɗaukar dami. Kin ji abin da majo yac ce. Ni in ɗauko shi daga gona har ƙohwar majami'a. Daga nan zuwa gaban fasto taku ashirin ne, wannan naki."

"Kai? Da carbinka?"

"Ƙohwa nic ce. Da yunwa taz zo, ta tambayi wani inda shi ka duba in za shi addu'a?"

Dabora ta girgiza kai. "Alkawari kaya ne. Bisa kaina nic ce. In wani yaɗ ɗauka, na yi ma Allah ƙarya." Sai wani murmushi ya fara tsattsafo mata, irin wanda Illo ya sani tun suna yara, kuma bai taɓa ganin alheri a bayansa ba. "Sai hwa in bawana ne. Kan bawa ai na uwargijiyarshi ne. Abin da yaɗ ɗauka, ita taɗ ɗauka."

"A'a! Dabora, kada ki soma."

"To shi ke nan. Miƙo masu tsinin, in ɗauki abina. In na hwaɗi bisa hanya a ce Illo ya kashe ɗiyar kawunshi don girman kai."

"Shekara hamsin ina tsare mutuncina!"

"Gazali!" Ta ƙwala wa badukun rumfar kusa kira. "Matso ka zama shaida."

Gazali ya leƙo, basilla a hannu. Illo ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafar hagun da ta miƙe a gefe don ba ta lanƙwasuwa. Ya tuɓe hularsa.

"Ni Illo ɗan Hawa," ya ce, kamar mai haɗiyar maɗaci, "bawan Dabora ne."

"Ban ji ba, kunnen ya tsuhwa."

"Bawan Dabora ne! Har ran Lahadi da azahar!"

Layin dukawa ya kwashe da dariya. Dabora ta kwance bakin zane, ta ciro farin goro, ta fasa, ta ba shi ɓarin da ya fi girma. "Ci, ka yi ƙarhi. Damin ba ƙarami ba ne."

Ta zura ƙafa, ta ɗaure, ta miƙe. Ciwon na nan, bai je ko'ina ba, amma diddigen ya sauka a kan laushi, kuma rabon da ta taka ƙasa da ƙafar hagu gaba ɗaya tun farkon damina. Ta yi taku goma, kai a sama, matan da ke sayen tabarma suna bin ƙafarta da kallo. Sai ta waiwaya. Illo na durƙushe a kan rairayi da karansa, yana duban sawunta.

"Maye!" ta ce da ƙarfi. "Mi kag gani?"

"Kamyo ya wuce," in ji shi, yana dariya, goro a baki. "Taya biyu duk sun taka."