Bunsurun da Na Yanka da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetina ta farko a Gummi ba. Ko na so in manta ma, yaran cocinmu ba za su bar ni ba.

Watana uku da zuwa koyarwa daga Filato, Fasto ya damƙa mini zumuntar matasa. Daɗi ya kashe ni. Na sayi sabon littafi na jera dokoki har bakwai, ta farkonsu kuwa ita ce: idan Malam yana magana, ba a katse shi. (Malam ɗin ni ne, kuma kullum ina magana.)

Babban aikin matasan a shekara shi ne rabon abincin Kirsimeti. Su ke dafa shinkafa da nama su bi gida-gida suna kai wa maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama in Babbar Sallah ta zo. Fasto ya ce tun kafin a haifi yaran nan ake yi, kuma ba a taɓa maido da kwano da abinci a ciki ba. Nan take na ci alwashin rabon bana sai an yi shekaru ana labarinsa. An kuwa yi.

Ana gobe Kirsimeti na tara su bayan coci inda aka ɗaure bunsuru biyu, ina ta zuba tsari. Rahila, wata 'yar shekara goma sha biyar da aka haifa a garin, ta ɗaga hannu.

"Malam, zancen yankan ga..."

"Rahila, doka ta farko?"

Ta sauke hannu. Sau uku tana ɗagawa, sau uku ina tuna mata doka.

A ƙauyenmu maigida ke yanka dabbarsa, ni kuwa tun ina yaro na iya fiɗa. Washegari da sassafe na iso da wuƙata tana walƙiya, na naɗe hannun riga, na kayar da baƙin bunsurun na yanka, har da bayanin yadda ake riƙe wuƙa. Yara suka yi tsit. Ni a zatona burge su na yi.

Da na waiga neman na biyu, babu shi, babu Bitrus, babban cikin samarin. Can sai ga yaron da nama cike da daro, an gyara tsaf. Na ɗauka ɓuya ya yi ya gwada abin da na koya musu, har na dafa kafaɗarsa na yaba. Na kuma ga sun ɗora tukunya biyu nesa da juna, ɗaya an ɗaura mata jan ƙyalle a hannu, na ce a raina tsarina ya fara shiga jikinsu.

Bayan sujada a coci muka fita cikin sababbin kaya, kwanuka a kai, ana waƙa, ni a gaba baki har kunne. Gidan farko na Inna Tumba ne, tsohuwar da duk unguwa ke jin maganarta. Muka same ta a ƙofar zaure da tiren ƙuli-ƙulinta, mutane zagaye da ita. Na karɓe kwanon daga kan Rahila don in miƙa da kaina.

Inna ta buɗe, ta zaɓi tsoka.

"Wanga shi na baƙon malamin naku? Sannu, ɗana. Lalle Ɗanjuma ya yi ƙoƙari bana."

"Wane Ɗanjuma, Inna? Ai ni na yanka da hannuna."

Har da ɗaga hannun, don kowa ya gan shi.

Tsokar ta tsaya tsakanin kwano da baki. Inna ta mayar da ita a hankali, ta rufe, ta ɗan turo kwanon wajena.

"To, madalla. Allah shi ba da lada."

A nan ne kaina ya waye. Yankan Musulmi suke ci, shi ya sa kowace shekara coci ke kai dabba wurin Baba Ɗanjuma mahauci. Abin da Rahila take ta son gaya mini ke nan. Gumi ya keto mini, sabuwar shaddata ta manne a baya. Zumuncin da aka fi shekara ashirin ana riƙo, ga shi zan kashe shi a gida na farko, a gaban jama'a. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ga hannu a sama. Rahila ce.

"Malam, in yi magana?"

"Yi, don Allah, yi."

"Inna, ci abinki. Wanga Baba Ɗanjuma ya yanka shi, Bitrus ya kai mai tun da sahe. Wanda Malam ya yanka shina can coci, tukunya daban, ludayi daban. Mu za mu ci shi."

Inna ta dube ta, ta dube ni, ta jawo kwanonta ta jefa tsokar a baki. Sai da ta tauna ta haɗiye sannan dariya ta ƙwace mata.

"Malam, ashe ɗiyan ga ka kiwonka."

Ranar gida ashirin da ɗaya muka shiga, kowane kwano ya dawo wayam, sai dai an ce naman bai kai na bara yawa ba, kuma kowa ya san dalili. Nawa bunsurun mu muka cinye shi a coci (ya yi daɗi, wannan kam ba wanda ya musa). Kafin sabuwar shekara a duk unguwar, Sarkin Fawa ake kirana.

Doka ta farko na soke ta a ranar. Yanzu duk Kirsimeti aikina riƙe wa Baba Ɗanjuma ƙafafun bunsuru, kuma da na hango hannun yaro a sama nake rufe bakina, musamman in da wuƙa a hannuna.