Rigimar Sarkin Tasha

Wani abokina da ke koyarwa a wata jami'a ne ya ba mu labarin nan ran Asabar muna zaune a majalisa, har sai da shayi ya sarƙe ɗaya daga cikinmu.

Ya ce a jami'arsu akwai sashen koyar da wasan kwaikwayo, kuma duk ƙarshen shekara sukan ware 'yan makonni suna nuna wasanni, wasu na magana zalla, wasu da kiɗa da waƙa. Ba don nishaɗi kawai ake yi ba. A kan dandamalin nan ake ba ɗaliban ajin ƙarshe maki, wanda bai hau ba kuwa sai ya maimaita shekara. Shugabar sashen ita ce Dakta Uwani, wata 'yar siririyar mata mai sanyin murya, irin wadda in ta gaya maka magana sai ka isa gida kafin ka gane ta yanke ka.

Bana sai suka buɗe da wani wasan waƙa da wata ɗaliba ta rubuta a kan sarkin tashar garinsu. Shi wannan sarkin tasha ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya duka, aikin ne dai ba ya yi. Iska ta yaye rufin rumfar fasinjoji, ya kafa kwamiti. Famfo ya ƙafe, ya kafa kwamiti. Kwamitin ya yi shiru, ya kafa wani ya binciko abin da ya sa na farko ya yi shiru. Duk wanda ya kawo masa kuka, sai ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Za a duba." Nan take direbobi da 'yan kamasho da masu tallar gyaɗa za su kama amshi suna juyi: "Za a duba, za a duba!"

Babban baƙo a ranar shi ne Farfesa Lawandi, shugaban tsangaya, wato maigidan Dakta Uwani a wurin aiki. Ya zo bayan la'asar cikin babbar riga da ta sha aiki, aka zaunar da shi a sahun gaba. Da farko ba wanda ya kai shi dariya, har da buga cinya. To amma zauren ya yi zafi, don fankoki sun daɗe da mutuwa, kuma duk ɗaliban sun san ofishin da aka kai kukan fankokin, sun kuma san amsar da aka dawo da ita. Saboda haka da Nafi'u, ɗalibin da ya fito a sarkin tasha, ya sake gyara hula ya yi gyaran murya, sai 'yan baya suka bar kallon dandamali suka koma leƙen ƙeyar Farfesa.

Farfesa ya ji ana ƙus-ƙus. Ya ɗaga hannu zai gyara hularsa, hannun ya kai rabin hanya, ya tuna, ya mayar da shi kan cinya a hankali. Zaure ya ɗauki shewa. Bai jira an ƙare ba ya tattara babbar rigarsa ya fice, masu kalangu na raka shi da amshi.

Washegari da hantsi ya aika a kira Dakta Uwani. Ba ta samu zuwa ba sai dab da azahar. Ta yi sallama, ta gaishe shi, ko kujera bai nuna mata ba.

"Dakta, tun yaushe na aika a kira ki?"

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Yau sashenmu ya yi farin jini."

"Zai daina. Wato ni za ki tara wa yara su mayar abin dariya? Da hannunki kika kawo mini gayyata, ashe wurin yanka kika kira ni!"

"Subhanallahi. Ranka ya daɗe, wasan fa a tasha yake. Ko sau ɗaya ba a ambaci jami'a ba."

"Hular fa?"

"Ta mahaifin yaron ce ya aro."

"Gyaran muryar fa?"

"Mura yake yi, ranka ya daɗe."

Farfesa ya buga tebur. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya yi shekaru yana karantarwa tun ba ta san hanyar jami'a ba. Ya ce daga yau an rufe zauren, sauran wasannin duk an soke su, ɗalibai su je su yi abin da za su yi. Dakta Uwani ta tuna masa cewa yaran nan iyayensu na can suna jiran su gama, wasu har an fara ɗinka musu kayan bikin yaye ɗalibai. Ta roƙe shi, ta haɗa shi da Allah. Ya juya kujera ya ba ta baya, ya bar ta a tsaye tana kallon hular da ta jawo rigimar.

Can ya juyo. Muryarsa ta ɗan sauka.

"To, abu ɗaya zan tambaye ki. In kika gaya mini gaskiya, za a du..." Ya haɗiye sauran. "Zan sake tunani. Tsakaninki da Allah, sarkin tashar nan ni ne ko ba ni ba ne?"

Dakta Uwani ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta gyara mayafi.

"Wallahi ranka ya daɗe, da ka yi sammako da ka samu. Tun da safe magatakardan jami'a ya kira ni ya ce shi ne sarkin tashar, ma'aji ya aiko ya ce shi ne, yanzun nan kuma daga ofishin shugaban jami'a nake. Sai dai ka bi layi."