Rasuwar Mai Haƙuri, Kwamfutar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai laifi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu ta kan tebur, wadda marigayi yayana ya raɗa wa suna Mai Haƙuri. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara, a kan teburin da ta yi duk rayuwarta. Ni ce ƙanwarsa, ni na gaji aikinsa na zanen gidaje, kuma ni ce ajalinta.

A haɗe Yaya ya sayo ta daga shago, ba wanda ya zaɓa mata kayan ciki, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba. An ɗauke wuta tana tsakiyar aiki sau ba adadi, ta tashi ba ƙorafi. Ta sha ƙura, ta sha shayin da ya zube mata. Idan aka danna maɓallinta sai ta yi "ɗit" sau ɗaya, fankarta ta ja dogon numfashi, sannan ta gaishe mu. Gaisuwar nan ce abin da ya kai ni rubuta sanarwa. Yaya, sarkin tsokana, ya cire kiɗan da kwamfuta ke yi idan ta tashi, ya sa muryarsa: "An tashi lafiya? To, a kama aiki, rago!" Har da 'yar dariyarsa a ƙarshe.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Wayarsa ta tafi tare da shi a haɗarin da ya yi ajalinsa. Muryarsa ba ta rage mana ko'ina ba sai a cikin faifan ajiyar wannan kwamfuta, ni kuma kullum sai in ce gobe zan kwafe ta. Kowace safiya Inna takan shigo da kofinta, ta zauna a kujerar gefe, in kunna, ta amsa masa da "Lafiya lau," ta fita abinta.

Jinyar marigayiya ba ta yi tsawo ba, kuma in za a faɗi gaskiya lafiyarta ƙalau. Tsufa ne kawai. Idan na juya zanen bene sai hoton ya riƙa tsalle, masu gida na tsaye a kaina suna duba agogo. Na sayo mata sabon katin hotuna, ƙato mai fanka uku. Mai shagon ya ce tsohon akwatin wutarta, abin da suke kira fawa, ba zai iya ciyar da shi ba, na haɗo da sabo. Ya ce in kawo ya ɗaura mini. Na ce Allah ya sawwaƙe, ni da na girma ina riƙe wa Yaya sukundireba?

Na kwance murfin gefenta na jingine shi da bango. Katin ya shiga da ƙyar, akwatin wuta ya zauna daram. Waya ɗaya ce ta gaza, wadda za ta kai wuta ga faifan ajiya, saura ɗan yatsa ta isa. Sai na tuna da wayoyin da ke aljihun tebur na ƙasa, na tsohon akwatin wutar wata kwamfuta. Na ɗauko guda, bakinta ya shige tsaf kamar don wurin aka yi ta. Ashe baki ne ɗaya, tsarin wutar ciki kowane kamfani da nasa. Na danna maɓalli. Ba ta ce "ɗit" ba. Ƙas ta yi, ƙaramar ƙara, sai wari.

Da na juya murfin zan mayar, sai ga takarda manne a cikinsa, da rubutun Yaya mai kwanciya gefe: "Wayoyin aljihun ƙasa ba nata ba ne. Kar ki taɓa." Ki ya rubuta, jama'a. Ya san wadda za ta buɗe. Takardar na fuskantar bango duk tsawon lokacin da nake aikin.

Marigayiya ta bar allo, da kibod ɗin da yatsun Yaya suka goge wa haruffa huɗu, da sabon katin da ko zane ɗaya bai nuna ba, wanda wallahi ba na son ganinsa. Ta bar ni. Tun ranar, idan gida ya yi tsit da rana, sai in ji fankarta na jan numfashi, in waiga, ba komai kan tebur sai shacin gindinta a cikin ƙura. Warin kuwa ya ƙi fita daga labule.

Ta kuma bar Inna. Na ɓoye gangar jikin, na ce mata an kai kwamfuta gyara. Jiya ta shigo da kofinta duk da haka, ta zauna, ta karkatar da kai kamar mai saurare, ta ce "Lafiya lau." Ban tambaye ta abin da ta ji ba.

Mai ceto bayanan da na kai wa faifan ya buɗe shi, ya ce wutar ta ci har ciki, in yi haƙuri. Don haka ranar Asabar da safe za a kai gangar jikin wurin masu sayen tsofaffin na'urori. Takardar da faifan za su zauna a wurina. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin aiki, a bi ta ƙofar baya, don Allah kar kowa ya yi wa Inna ta'aziyya.

Ba ma bukatar a zo da komai. Amma abokan Yaya, da waɗanda ya yi wa zane, ku duba tsofaffin wayoyinku. Duk wanda ke da saƙon muryarsa, ko na faɗa ne, ko "ina hanya" kawai ya ce, ya taimaka ya zo da shi kafin ƙarfe bakwai na safe. Lokacin ne Inna ke shigowa.