Rasuwar Wandon Kakana a Gidan Kokawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Bagapata ɗan Tiridata, na unguwar masu sirdi a birnin Shushan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wandon gidanmu, jan wandon ulu mai faffaɗar hantsa, wanda ya rasu yana da shekarun da suka fi na kowa a gidan.

Kakana ya hau doki da shi tun zamanin sarakunanmu na Farisa. Ya sa wa mahaifina shi ranar aurensa, mahaifina ya sa mini ranar nawa, ni kuma na ninke shi ina jiran ranar ɗana Mitrana. Marigayi mai rufa asiri ne, bai taɓa barin gwiwar ɗan gidanmu a waje ba. In ana tafiya yakan ce “fas, fas”, in an durƙusa ya ce “ƙiii” a hankali, iyakar maganarsa ke nan.

Yana nan sarkin Makidoniya ya ci ƙasarmu da yaƙi, bai ko yage ba. Yana nan sarkin ya mutu a Babila ba magaji, manyan mayaƙansa suka zauna suka yanyanka daula kamar 'yan watanda: wannan ya ɗauki Masar, wancan ya koma gida Makidoniya, mu muka faɗo a kason na uku. Rundunoni suka yi ta wucewa ta kanmu, yau na wane, gobe na wane, wando na nan lafiya lau a akwati.

Zaman lafiya ne ya kashe shi. Kowane sabon sarki so yake a ce ya fi sauran zama Bagirke, sai suka shiga gasar gine-gine. Aka sake wa garinmu suna, aka gina mana gidan kokawa, inda manyan maza ke tuɓewa tsirara, su shafe jiki da man zaitun, su yi birgima a ƙasa da rana tsaka. Wai nan ake koyon wayewa, kuma wanda bai bi ta nan ba ba zai zauna a majalisar gari ba. Mu masu wando mu ne 'yan ƙauye.

Ciwon ajali ya fara ranar da Mitrana, ƙato da shi, ya dawo gida ba gemu, da wata riga iya cinya, ya ce sunansa yanzu Lisandaro, kuma 'yar wani tsohon sojan Girkawa zai aura. Na ce a fito da wandon a shanya kafin biki.

“Haba Baba,” in ji shi, “so kake surukaina su mutu da dariya? Buhu biyu aka haɗa fa.”

“Buhun da ya rufa wa kakanninka asiri, ɗan nema.”

“To ai ni ba abin da nake ɓoyewa.”

Ban san ya ɗauka daga igiyar shanya ba sai da na bi sawu har gidan kokawa. Jama'a, 'yan kokawar nan ba su san wanka irin na mutane ba. Wani lanƙwasasshen ƙarfe suke sawa su kankare mai da gumi da ƙasa daga jikinsu, a tara dauɗar a tulu, wai maganin ciwon gaɓoɓi. A gefen tulun na iske marigayi, an raba shi biyu, ana goge ƙarafan da shi. Wani mai tumbi, ko ganye babu a jikinsa, yana share hammata da ƙafar wandon ta dama. Da ya ga ina kallo sai ya miƙo mini, wai ko ina so in goge. Ɗana na tsaye yana sheƙi kamar soyayyen kifi, ya ce, “Ulun na shan mai sosai, Baba, kowa na yabawa.”

Marigayi ya bar mazagi ɗaya, da hula da suka yi zamani tare, da takalman hawa da yanzu ba su da abokin fita. Ya bar ni.

Ba za mu ƙone shi kamar yadda Girkawa ke yi wa matattunsu ba, don ba za mu ƙazantar da wuta ba. Ƙasa ma ba ta yi mana laifin da za mu ba ta wannan warin ba. Gobe da hantsi za a kai shi kan dutsen bayan gari a shimfiɗa wa ungulu kamar yadda muke yi wa matattunmu, ko da yake ina shakkar za ta sauka. Masu rakiya su zo da suturarsu cikakkiya, da abin toshe hanci.

Lisandaro ya aiko cewa zai leƙo in an tashi daga kokawa da wuri. In ya zo, a yi masa maraba, a ba shi ruwa, a nuna masa tabarmar baƙi. Ta 'yan gida ta cika.